Idan akwai mutane a cikin taurari, wa ya mutu dominsu?

Saratu: Salama 'yan'uwa, barkanmu da hutawa. Don Allah taimako nake nema kafin Lahadi mai zuwa. Yau a ajin yara na Makarantar Lahadi muna kan darasin halitta, na kai rana ta huɗu inda Allah ya yi rana da wata da taurari, sai wani yaro da bai fi shekara 11 ba ya ɗaga hannu ya ce Malama, fitilun nan da suka wuce ta saman gari ran Alhamis yayana ya ce mutanen wata duniya ne, to idan akwai mutane a cikin taurari su ma Yesu ya mutu dominsu ne ko namu ne mu kaɗai? Sai na tsaya da alli a hannu, yara duk sun zubo min ido. Na ce zan ba shi amsa mako mai zuwa. Ban so in yi masa ƙarya, ban kuma so in ce masa yi mana shiru, don yaron nan da gaske yake.

Dauda: Yaya Saratu nima fa na gansu da idona ba labari aka bani ba. Ina ban ruwa a gonar tumatir ta wajen Bunkure bayan magariba kaɗan sai inji ya mutu, na tsuguna ina goge filogi da bakin riga, ɗaga kan da zan yi sai ga fitilu sun jero kamar jerin gwano sunfi 20, ba ƙara ba hayaƙi, ɗaya na bin ɗaya har suka ɓace ta gabas. Tsigar jikina ta tashi, Fulanin da ke ruga kusa da mu sun fito suna ta salati, ni kuma addu'ar Ubangiji na kama har na manta da injin

Bitrus: Dauda kwantar da hankalinka, waɗannan ba baƙi ba ne. Taurarin ɗan Adam ne na Starlink masu ba da intanet, na kamfanin Elon Musk. Ana harba su da yawa a roka ɗaya, to a kwanakin farko kafin su watse kowanne ya kama hanyarsa haka suke tafiya a jere. Hasken ma ba fitila ba ce, rana ce. Mu a ƙasa ta riga ta faɗi amma su da suke can sama kilomita ɗaruruwa tana haska su, kamar yadda za ka ga kan dutse da sauran haske bayan gindinsa ya yi duhu, shi ya sa bayan magariba ko gab da asuba aka fi ganinsu. Amma Yaya Saratu ko da fitilun na mutum ne, tambayar yaron tana nan daram.

Istifanus: Tambayar ba ta da wuya in dai Littafi za mu bi. Ki ce masa babu su, shi kenan. Farawa 1 ta jera mana abin da aka halitta kaf, mutum kaɗai aka yi cikin kamannin Allah. Zabura 115:16 ta ce sammai na Ubangiji ne, duniya kuwa ya ba 'yan Adam. Taurari an yi su ne don haske da alamun lokatai, ba a ce gidajen kowa ba ne. Kuma ni zan faɗi abin da wasu ke tsoron faɗa: ranar da aka tabbatar akwai wasu halittu masu hankali a wata duniya, ranar bangaskiyarmu ta rushe. Domin Romawa 6:10 ta ce Almasihu ya mutu sau ɗaya tak ba ƙari. To ko dai ya bar su ba ceto, wanda ba adalci ba ne, ko kuma yana bin duniya duniya ana gicciye shi, wanda Littafi ya ƙaryata. Tunda Littafi ba ya ƙarya, babu su.

Talatu: Kai Istifanus wannan magana ta yi nauyi fa, rushewa kuma? Allah ya kiyaye

Bitrus: Ɗan'uwa bari in ɗan faɗi girman abin da muke magana a kai, don ina ga da yawanmu muna ɗaukan sama kamar rufin ɗaki ne da aka manna wa fitilu. Ranar nan tamu tauraro ce guda ɗaya, kusa da mu take shi ya sa ta yi girma. Gungun taurarin da muke ciki, wannan farin layin kamar hayaƙi da ake gani ya ratsa sama a daren da ba wata, akwai taurari aƙalla biliyan 100 a cikinsa, kuma irin wannan gungu akwai biliyoyi. Sai a 1995 aka fara gano duniyar da ke zagaya wani tauraro irin ranarmu, wasu Turawa biyu na Suwizalan Michel Mayor da Didier Queloz suka gano ta har aka ba su kyautar Nobel a 2019. Daga lokacin zuwa 2022 waɗanda aka tabbatar sun haura 5,000 kuma kullum ƙaruwa suke. Akwai wani tauraro TRAPPIST-1 mai duniyoyi 7 masu girma kusan kamar tamu. Duk wannan fili a ce ko ciyawa babu sai nan?

Istifanus: Yawan rairayi a rafi ba shi ke nuna akwai zinariya a ciki ba. Ka faɗi biliyan ka faɗi tiriliyan, ka nuna min guda ɗaya da aka samu mai rai.

Bitrus: Nan kam ka yi gaskiya kuma ba zan ja ba. Har yau ba a samu ko ƙwayar halitta guda a wajen duniyarmu ba. Motar NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, mai suna Perseverance tana yawo a duniyar Mas tun 2021 tana haƙo duwatsu, ba wanda ya fito ya ce ga tabbacin rai. Bidiyon da ake ta turawa na zaman majalisar Amurka a 2023 inda wani tsohon jami'i David Grusch ya ce gwamnati na ɓoye da jiragen baƙi, shi kansa cewa ya yi wasu ne suka gaya masa, kuma a 2024 ma'aikatar tsaronsu ta fitar da rahoto ta ce ba ta ga hujja ba. To ni ban ce akwai su ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ɗaure bangaskiyarmu a jikin rashinsu.

Baba Iliya: 'Ya'yana sannunku. Jikata ce take rubuta min don idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Ku saurare ni da kyau. Ni na tashi na tarar da tukunya a kife gindin tsamiya a bayan gidanmu, nan mahaifina yake yanka jan zakara kafin a fara shuka, ana zuba wa iskoki jini da giya don kada su taɓa yara. Ina tuna wata shekara ƙanwata ta yi zazzaɓi aka ce Inna ce ta kama ta, akuyar da muke da ita guda ɗaya aka yanka, yarinyar kuma ba ta tashi ba. Ranar da mahaifina ya karɓi bishara da hannunsa ya fasa tukunyar nan da taɓarya, jikinsa na rawa, mu muna leƙe ta zana muna jira ya faɗi ya mutu, bai mutu ba. To yanzu kuma sai in ji jikokinmu suna ɗaga kai sama suna neman wasu halittu masu hankali da ba mutane ba? Mu mun san su, sunansu kawai aka sake. Bulus ya ce Shaiɗan yakan mai da kansa kamar mala'ikan haske. Kada ku mai da mu inda muka fito.

Saratu: Mun gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan labarin ya taɓa ni.

Rahila: Baba Allah ya ja da ranku, maganarku tana kan hanya wajen masu cewa wasu halittu sun zo musu da dare sun ba su saƙo, ko masu zama suna kiran su, wannan kam bori ne da sabuwar riga kuma ba ruwan Kirista da shi. Amma ku yi haƙuri in rarrabe abu biyu. Iska ruhu ce. Abin da su Bitrus suke nema abu ne mai jiki, mai ci mai sha mai mutuwa, wataƙila ma ɗan mitsitsi ne da ido ba ya gani. Ni kullum a ɗakin gwaji na asibiti nake ɗiga jini a kan gilashi in sa a madubin likita, in ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a zaune cikin jinin yaro kamar ɗan zobe. Babu ayar da ta ambaci ƙwayar nan da suna, amma tana nan tun zamanin kakanni, kuma ganin ta bai rage min ko ɗigo daga Farawa 1:1 ba. Shirun Littafi a kan abu ba ya nufin abun babu shi.

Istifanus: Anti Rahila ƙwayar cuta ba ta buƙatar ceto. In an samu tsutsa a Mas ba abin da ya dame ni. Maganata a kan masu hankali ce, masu sanin nagarta da mugunta.

Markus: To ai ba mu muka fara wannan gardama ba. Mu a Katolika an daɗe ana yin ta. Tun 1277 bishop na Faris ya haramta koyar da cewa wai Allah ba zai iya yin duniya fiye da ɗaya ba, don hakan rage ikon Allah ne. Fadar Batikan tana da nata wurin nazarin taurari har yau, shugaban wurin na lokacin Fada José Funes ya faɗa a 2008 cewa yarda da yiwuwar wasu halittu bai saɓa wa bangaskiya ba, ya ce in suna nan su ma halittun Allah ne, 'yan'uwanmu ne. Fafaroma Francis ma a wani wa'azi a 2014 ya yi misali da cewa in mutanen Mas suka zo neman baftisma wa ya isa ya rufe musu ƙofa

Istifanus: Markus da girmamawa, mu ba maganar Fafaroma muke bi ba, aya muke nema. Kuma ba cocin nan ba ne ya ƙona Bruno a Roma a 1600, mutumin da ya ce akwai duniyoyi barkatai?

Markus: An ƙona shi kuma abin kunya ne, ba mai kare wannan. Amma manyan tuhumarsa a kan musun Allahntakar Almasihu da Triniti ne, ba maganar duniyoyi kaɗai ba. Kuma misalin Fafaroma daga Ayyukan Manzanni 11 ya ɗauko shi, inda aka tuhumi manzo Bitrus don ya shiga gidan Karniliyus. Aya ce ai.

Saratu: Don Allah kada mu koma rigimar ɗariƙa, yaro ɗan shekara 11 nake so in amsa wa.

Talatu: Yaya Saratu ba ga Yohanna 10:16 ba, inda Yesu ya ce yana da waɗansu tumaki da ba na wannan garke ba? Ni tun ɗazu ita ke min yawo a kai

Malam Ayuba: Barkanku da dare, yanzu na dawo daga ƙauye na samu sabis na karanta daga farko. Talatu ayar nan kada mu ja ta inda ba ta je ba. Yesu da Yahudawa yake magana, waɗansu tumakin kuwa al'ummai ne, wato mu ɗin nan, ni da ke da Baba Iliya. Amma ki riƙe ta don akwai abin da take koya mana. Ranar da Yesu ya faɗi maganar nan ba wanda yake wurin da ya taɓa jin sunan Kano ko Rano ko Sumaila. Sai a 1893 su Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar nan, biyu daga cikinsu suka mutu cikin shekara guda ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai 1932. Duk shekarun nan sama da 1,800 kakanninmu suna noma suna haihuwa suna binne matattunsu, sunansu ba ya cikin taswirar masu bishara, amma Allah bai san da su ba ne? Masarar da muke ci ma daga nahiyar Amurka ta zo, nahiyar da manzanni ba su san tana nan ba. Babban malami irin Agustin ya rubuta cewa ba zai yiwu a samu mutane a ɗaya gefen duniya ba. Da aka je aka same su sai wasu suka fara cewa anya mutane ne masu rai kamar mu, har sai da Fafaroma Bulus na 3 ya fitar da takarda a 1537 ya ce mutane ne cikakku. Bangaskiya ba ta rushe ba, lissafin malamai ne ya rushe. Kuma Istifanus ƙanena, abin da ya sa na damu da maganarka shi ne masu ƙin bangaskiya ma sun yi ta. Wani Bature Thomas Paine da ya ƙi Kiristanci ya kawo ta tun 1794, ya ce in duniyoyi suna da yawa to labarin gicciye ya zama abin dariya. Kai ka karɓi rabin maganarsa ka ce in akwai su mun faɗi, saura kawai a nuna maka su.

Istifanus: Malam na ji, kuma na gode da tarihin. Amma misalinku yana da rami. Mutanen Amurka da kakanninmu duk 'ya'yan Adamu ne, Ayyukan Manzanni 17:26 ta ce daga mutum ɗaya ya yi dukan al'ummai. Jini ɗaya, zunubi ɗaya, Mai Ceto ɗaya da ya ɗauki jikinmu. Romawa 5 a kan wannan aka gina ta, ta wurin mutum ɗaya mutuwa ta shigo, ta wurin mutum ɗaya rai ya zo. Wanda yake a TRAPPIST ɗin Bitrus ba jikan Adamu ba ne, Yesu bai ɗauki jikinsa ba. To ta ina zai shiga? Nisa ba shi ne matsalar ba, dangantaka ce.

Malam Ayuba: Wannan kam ka kama ni a wuri mai kyau, misalina bai kai nan ba.

Rahila: To wa ya ce dole sun yi zunubi? Mala'iku masu hankali ne, ba 'ya'yan Adamu ba ne, da yawansu ba su taɓa faɗuwa ba kuma ba su buƙaci gicciye ba. Ka ga ashe tun asali Littafi bai ce mu kaɗai ne masu hankali a halitta ba. In makiyayi ya bar 99 ya bi guda ɗaya da ta ɓata, me zai hana a ce mu ne ɗayar nan, sauran suna garke lafiya lau?

Istifanus: Romawa 8:22 za ta hana, dukan halitta tana nishi tana naƙuda. Dukan. In suna can ba su yi laifi ba amma suna mutuwa saboda abin da Adamu ya ci a nan, ina adalci? In kuma sun yi nasu laifin, Ibraniyawa 2:16 ta ce ba mala'iku yake taimako ba sai zuriyar Ibrahim, mala'ikun da suka faɗi ba a aika musu mai ceto ba. Duk inda kika juya akwai ƙaya. Ku gane ni, ba taurin kai nake ba. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya tafi karatu birni, shekara biyu ya dawo ya ce shi ya daina zuwa sujada, wai kimiyya ta nuna mu ƙura ce a cikin sarari ba wanda ya damu da mu. Innarmu har yau in ta durƙusa addu'a sunansa take fara kira tana kuka. Irin wannan maganar ce ta fara cin sa, kaɗan kaɗan. Shi ya sa nake so a rufe ƙofar tun yaro yana shekara 11.

Bitrus: Allah ya dawo mana da shi ɗan'uwa, ban san haka abun yake ba. Amma ka bar ni in faɗa maka abin da na gani a makaranta, don ni ma na kusa bin hanyar nan. Waɗanda suka fi saurin faɗuwa su ne waɗanda aka ce musu a gida babu kaza babu kaza, in ka yarda da kaza ka bar Allah. Ranar da malami ya nuna musu abun a allo da hujja sai su ce ashe duk ƙarya aka yi mana, su zubar da tuwon har da kwanon. A ce Yaya Saratu ta ce wa yaron nan babu su, Allah ya ce babu, sai ya girma kumbon da aka harba a 2024 zuwa Yuropa, wani wata na duniyar Jufita da ake kyautata zaton akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙararsa, ya turo wani abu, wa zai tuna? Malamarsa ta Makarantar Lahadi zai tuna.

Dauda: Ni abokina Musulmi da muke haɗa kuɗin fetur ɗin inji na tambaye shi ran Juma'a, yace su a wajensu ba abun tashin hankali bane tunda Allah Ubangijin talikai ne ba na duniya ɗaya ba, har yace akwai aya a suratu Shura da ta ambaci dabbobin da Allah ya watsa a sammai da ƙasa. Sai naji kunya nace to mu me yasa muke tsoro

Markus: Domin mu muna da abin da ya sa tambayar ta fi mana nauyi Dauda, mun ce Allah ya zama mutum. Wannan ne Istifanus yake karewa kuma yana da dalili.

Baba Fasto: Salamar Ubangiji ta kasance da ku. Na bi maganarku tun daga tambayar Saratu, na yi shiru ne don in ji kowa. Istifanus ɗana, kishinka na gani kuma ba zan ce ka bar shi ba, muna kuma tare da ku a addu'a saboda ƙanenka. Abu ɗaya ka faɗa daidai da ba za a taɓa shi ba: gicciye ɗaya ne, ba za a sake ba. Inda na rabu da kai shi ne ka auna iyakar gicciyen da iyakar jinin Adamu. Buɗe Kolosiyawa 1 ka karanta daga aya 15 zuwa 20 a hankali. Ta wurinsa aka halicci dukan abubuwa, na sama da na ƙasa, masu ganuwa da marasa ganuwa, dominsa kuma aka yi su. Sai aya 20 ta ce ta wurin jinin gicciyensa Allah ya sulhunta dukan abubuwa da kansa, na ƙasa da na sama. Bulus bai ce akwai mutane a taurari ba, ni ma ban ce ba, kada wani ya fita ya ce Fasto ya ce. Amma ayar ta isa ta hana ni cewa in suna nan to jinin bai kai gare su ba. Yadda zai kai, wannan na Maimaitawar Shari'a 29:29 ne, asirtattun abubuwa na Ubangiji ne, bayyanannu namu ne da 'ya'yanmu. Maganar mu ƙura ce kuma, Dawuda ya riga ƙanenka faɗinta a Zabura 8, ya ɗaga kai ya ga wata da taurari ya ce wane ne mutum har da kake tunawa da shi. Bai gama da cewa ba wanda ya damu ba. Da Ayuba na cikin Littafi ya cika da tambayoyi Allah bai ce masa yi shiru sama ƙarama ce ba, cewa ya yi kai za ka iya ɗaure kaza da 'ya'yanta? Taurarin nan dai da tsofaffinmu suke duba su san damina ta kusa. Baba Iliya kuma gargaɗinku yana nan, duk abin da ya zo da wata bishara dabam, ko daga sama ya sauko, Galatiyawa 1:8 ta riga ta yanke masa hukunci.

Baba Iliya: To Fasto in haka ne na ji. Ni dai kada a kira su, kada a roƙe su, kada a yanka musu ko ɗan tsako.

Bitrus: Baba ko an kira ma ba mai ji. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana haske kansa sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso, hasken rana kuwa minti 8 yake yi. Kumbon Voyager 1 da aka harba tun 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa ɗaya, wato Kano zuwa Legas cikin kamar minti ɗaya, amma da can ya nufa sai ya yi sama da shekara 70,000 a hanya. Abin da ya taɓa zuwa mana daga wata duniya dutse ne, kuma a nan kusa ya faɗo. A 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami ta ƙasar Katsina, kaɗan ya rage ya faɗa kan manomin, daga baya masana suka auna suka gane ɓallin duniyar Mas ne. Har yau da sunan Zagami ake kiransa a duk duniya.

Talatu: Ikon Allah, Zagami ta wajen Faskari? Ai kawuna yana zuwa cin kasuwa yankin

Istifanus: Baba Fasto na karanta Kolosiyawan yanzu sau biyu. Ban ce na sauka ba, don har yanzu ina ganin abubuwan sama da yake nufi mala'iku ne da ikoki, kuma Romawa 8 ba a amsa min ita yadda zan kwanta in yi barci ba. Amma kalmar rushewa na janye ta, bai kamata in faɗe ta a gaban yara ba. Ni dai ra'ayina babu su.

Baba Fasto: Ka riƙe ra'ayinka a matsayin ra'ayi, ka zo gida ran Laraba bayan addu'a mu zauna a kan Romawa 8 ɗin, ka zo da lambar ƙanenka.

Saratu: To ga abin da na rubuta a bayan littafin darasi, ku duba min. Zan ce masa fitilun na mutane ne, Bitrus zai zo ya nuna musu hoto a waya. Zan ce har yau ba wanda ya ga mai rai a wata duniya. Zan ce Littafi bai gaya mana akwai ko babu ba, amma ya gaya mana duk abin da ke can Yesu ne ya yi shi kuma nasa ne, in akwai wani a can to Yesu ya san sunansa kamar yadda ya san naka. Sai mu haddace Zabura 147:4 tare, mai ƙidaya taurari yana kiran kowanne da sunansa.

Istifanus: Yaya Saratu ki ƙara masa cewa shi dai an mutu dominsa, kada ya tafi gida da taurari ya manta wannan. Kuma zan zo ajin in zauna a baya in kin yarda.

Saratu: Ka zo, akwai benci. Amma ka shirya don yaron nan in ya samu amsa ɗaya sai ya ɗaga hannu da wata.

Dauda: Bitrus in za su sake wucewa ka faɗa min da wuri in kira Fulanin nan mu kalla tare in musu bayani, tsohuwarsu tun ran Alhamis ta hana yara kwana a waje. Bari in je ruwa ya kusa cika kwamin ƙarshe